"Baba, ai na balaga"

Wata Juma'a a shekarar 2023, bayan an sauko daga masallaci, ɗan wana marigayi ya same ni a zauren gidanmu da ke Rafindaɗi. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ɗan yi jim, sannan ya ce, "Baba, ina so a ba ni gonata. Ai na balaga." Shekararsa 16 a lokacin. Murya ta buɗe, gashin baki ya fara tsirowa, har ya ɗara ni tsawo. Mahaifinsa ya rasu a 2016, ya bar mini wasiyyar riƙe masa gonar da ke hanyar Ajiwa. Yaron so yake ya sayar da ita ya sayi Keke Napep.

Ba ƙarya ya yi ba, ya balaga. Abin da ya hana ni barci a daren nan shi ne nauyin da ya ɗora wa kalmar, nauyin da ba nata ba.

Balaga aro ce daga Larabci, kuma asalin ma'anarta can shi ne isa ko kaiwa wani matsayi. Daga saiwar ne aka samu tabligi, wato isar da saƙo, da ilimin balaga da ɗaliban Larabci ke karantawa don magana ta isa inda aka nufa da ita. Mu da muka aro ta sai muka fi tsayar da ita a kan jiki. Muna cewa ya balaga, ta balaga, balagagge, balagaggiya, ko baligi da baliga, jam'i baligai. Alamominta tun a makarantar allo da ta zaure ake koya mana su: mafarki ga namiji, jinin al'ada ga mace, da tsirowar gashin gaba. In babu ko ɗaya sai a koma ga shekaru. Zance mafi shahara a mazhabarmu ta Malikiyya shekara 18 ne, Shafi'iyya kuwa 15 suke cewa. Daga nan mutum ya zama mukallafi, alƙalami ya hau kansa, salla da azumi sun zama wajibi. Ita ma dokar ƙasa sai ka cika 18 take ba ka katin zaɓe.

Amma Bahaushe yana da nasa kalmomin tun kafin wannan, kuma ina ganin sun fi ta lura. Mangwaro nuna yake yi, haka tuwo a tukunya. Rogo da rake ƙosawa suke yi, su cika su yi nauyi. Ba wanda zai ce maka gwanda ta balaga. In aka zo kan mutum sai abin ya zama hawa-hawa. Yaro ya tasa, wato ya fita daga goyo da rarrafe, ana iya aikensa. Ya kawo ƙarfi, wato zai iya riƙe kunya a gona tare da manya. Yarinya ta isa aure, ga isar nan ta Larabci ta dawo da bakinmu. Duk waɗannan ido ke ganinsu. Sai kuma waɗanda ido ba ya gani sai an zauna da mutum: ya mallaki hankalinsa, ya san ciwon kansa. Wannan ta ƙarshen ita na fi so a duk Hausa. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa yabon saurayi da cewa ya balaga ba, kunyar kalmar ma take ji a gaban mutane. Yabonta mafi girma shi ne, "Wannan ya san ciwon kansa." Kuma ta sha kallon mai furfura ta ce girman jiki ne kawai.

Duk wanda ya taɓa sayen mangwaron da aka sa wa sinadarin kabaid don ya nuna da wuri ya san abin da nake nufi. Baya ja wur, ciki tsami.

Washegari na je wurin malaminmu a Ƙofar Sauri, na ce, "Allah ya gafarta Malam, maraya ya nemi dukiyarsa, kuma ina tsoron haƙƙi." Tsoron gaske nake yi, don na san abin da aka faɗa a kan masu cin dukiyar marayu. Malam ya janyo mini aya ta 6 a Suratun Nisa'i, inda aka ce a jarraba marayu har su isa aure, in an ga shiriya a tare da su sannan a miƙa musu dukiyarsu. Sharaɗi biyu ke nan, in ji shi, balaga da rushdu, kuma rushdu shi ne iya riƙon dukiya. Ashe abin da Inna take kira sanin ciwon kai yana nan da sunansa a littafi.

Sai na jarraba shi. Na ba shi naira dubu 50 daga kuɗin amfanin gonar, na ce ya juya. Kafin wata uku rabi ya tafi a waya da abokai. Ya daina haɗa ido da ni, ni kuma ban yi masa faɗa ba, yaro bai san wuta ba sai ya taka. Da damina ta faɗi na yanka masa gefe guda na gonar, na ce iri da taki da ladan 'yan ƙwadago duk a wuyansa. Ya shuka gero da wake. Da kaka ya zo mini da ɗan littafi, ya rubuta kowace sisi, har bashin taki da ya ci bai gaya mini ba, ya kuma biya. Zancen Keke Napep bai sake tasowa ba.

Bayan Babbar Sallar da ta wuce na kira shaidu biyu, kamar yadda ayar ta ce a yi, na miƙa masa takardun gonar a zauren nan da ya fara tambayata. Ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Baba, ko za ka ci gaba da ajiye mini su a akwatinka? Ɗakina yana yoyo."