Kafin ka koma gida hutu, ka biya ta likita

Ƙannena masu shiga soja, ni ma na sa kakin nan, kuma akwai abin da ya same ni wanda ba na so ya sami ko ɗayanku.

Muna aiki a yankin Diffa na kamu da ciwon sanyi. Kunya ta hana ni zuwa wurin likitan bariki, wai kada magana ta kai kunnen abokai. Sai na sayi kafso wurin mai tallan magani, fitsari ya daina zafi, na ɗauka shi ke nan. Ban sani ba cewa ciwon sanyi da gyambon al'aura suna buɗe wa ƙwayar cutar sida ƙofa, kuma hanyar da ɗaya ya bi ya shigo ita ce ɗayan ke bi. Na dawo Maraɗi wurin iyalina ba tare da gwaji ba. A wurin awon ciki aka gano cutar sida a jinin matata, baiwar Allah da ba ta taɓa taka ko'ina ba. Ta sha magani, Allah ya sa yaron ya zo lafiya, amma har gobe abin yana ci mini rai.

Na san zaman daji: wata da watanni babu iyali, ga albashi a aljihu. Kame kai shi ne gaba da komai. Wanda ya san ba zai iya ba, ya riƙe kwaroron roba, ya sa shi tun farko har ƙarshe, don ba a gane mai cutar da ido. Mutum kan yi shekaru da ita yana garau. In roba ta fashe ko an yi sakaci, akwai maganin kariya da ake sha kwana 28, amma sai an fara shi kafin awa 72 su cika. Reza da allura kuwa, kowa da tasa.

Gwajin jinin yatsa ba ya ɗaukar ko rabin awa. Sai dai cutar ba ta fitowa nan take, shi ya sa ake maimaitawa bayan wata 3. Kafin nan ka kare matarka, ko da za ta tambaye ka dalili. In an sami cutar a jininka, maganin kyauta ne a Nijar, kuma mai shan sa kullum har ƙwayar ta daina bayyana a awo ba ya sa wa matarsa. Ni da matata muna karɓar namu a nan Maraɗi, ba ma tsallake rana.