Hanyar Arundel da salsalar gidan Howard

Motoci biyu gare ni, kowace mai kujera takwas. Ina tuƙa ɗaya, ɗayar kuma na ɗauki direba. Aikinmu shi ne mu kwashi baƙi daga Landan da safe, mu kai su tsofaffin gidajen sarauta, mu dawo da su masauki da yamma. Yawancin fasinjojina mutanenmu ne, iyayen da suka zo bikin kammala karatun 'ya'yansu ko waɗanda suka zo ganin likita suka sami sarari. Hanyar da ta fi ciyar da ni ita ce ta Arundel, a yankin Sussex, tafiyar wajen awa biyu.

Da fari tuƙi kawai na ɗauki aikin. Sai ranar nan wani dattijo ya tsaya gaban ganuwar gidan, ya dogara sandarsa, ya ce, "Ɗana, na ga ginin dutse. To su wane ne masu gidan, daga wa suka gada?" Na ce, "Baba, a gafarce ni, iyakar sanina Duke na Norfolk ne ke ciki." Bai ce komai ba, amma tambayar ta tsaya mini a rai. Da hunturu ya shigo aka rufe gidan ga masu ziyara, sai na zauna na bi salsalar daga tushe, na zana ta da hannuna a takarda ɗaya. Har yau tana cikin aljihun ƙofar mota, gefenta duk ya yi laushi.

Sarki Richard na Uku ne ya naɗa John Howard Duke na Norfolk na farko a gidan Howard (Duke babbar sarauta ce ta gado a Ingila) a 1483, shekara biyu kacal aka kashe su tare a yaƙin Bosworth. Ɗansa Thomas ya sha ɗauri, ya fito, ya ci Sikotlan da yaƙi a Flodden a 1513, aka mayar masa da sarautar ubansa a 1514, ya zama Duke na biyu.

A kan Duke na uku nake daɗewa, don nan ne mota ke yin tsit. Matan Sarki Henry na Takwas biyu, Anne Boleyn da Catherine Howard, 'ya'yan 'yan'uwansa ne, kuma duka biyun sarkin ya sa aka fille musu kai. Ɗansa na cikinsa ma haka aka yi masa a Janairun 1547. Shi kansa yana tsare yana jiran tasa, sai sarkin ya riga shi mutuwa a wannan watan. Jikansa, Duke na huɗu, shi ya auri Mary FitzAlan, ta sanadinta Arundel ya shigo hannun zuriyar. Shi ma an sare shi a 1572 bisa laifin haɗa baki da Sarauniya Mary ta Sikotlan. Daga nan sarautar ta kwanta shekara 88, sai a 1660 aka dawo da ita. Abin da ke ba ni mamaki, duk wannan wuya da gidan ya sha, har yau 'yan Katolika ne a ƙasar da cocin gwamnati daban yake.

Su ne kuma ke gadon muƙamin Earl Marshal, wato mai tsara manyan bukukuwan masarauta. Duke na 18, Edward Fitzalan-Howard, shi ya tsara jana'izar Sarauniya Elizabeth a 2022 da bikin naɗin Sarki Charles a 2023.

Inda muhawara ke ɓarkewa kuwa, 1975 ce. Duke na 16 ya rasu ya bar 'ya'ya mata huɗu, babu namiji, sai sarautar ta tsallake su ta koma wurin ɗan'uwansa na nesa, Miles. Wata hajiya ta ce mini, "Ashe su ma haka suke?" Na ce, "Hajiya, a wannan gidan dai haka dokar gadon take." Tun daga Arundel har Landan ba a bar zancen ba, shayin da ke cikin filas har ya huce ba wanda ya sha.

Hunturu ne wahalar sana'ar. Inshora da kuɗin lasisi ba sa jira, sai mu koma jigilar filin jirgin Heathrow har Afrilu ta kama. A wannan tsakanin nake zaunar da direbana yana haddace takardar, ina yi masa tambaya kamar yadda dattijon nan ya yi mini. Bana ya kai kan na huɗu ba tare da ya duba ba.