Layin oksijin ya daina zamewa, alhamdu lillahi

Jama'a, yau dai awon allurar Clark, wato siririyar na'urar da nake auna oksijin da ita a ƙwaƙwalwar ɓera, ya tsaya cak. Masu bin wannan aiki sun san yadda ta hana ni sakat: in kafa ta a saman ƙwaƙwalwar ɓera, awo ya fara a wajen 30 mmHg (ma'aunin matsin oksijin ɗin), sai ya riƙa sauka sannu sannu zuwa 25, alhali layin lesa Dofla, na'urar auna gudun jini da ke gefenta, kusan bai motsa ba. Jini na gudu yadda yake, amma oksijin na raguwa? Abin ya ƙi shiga kaina.

Na fara zargin maganin barci, wato isofuloren, tunda yana buɗa jijiyoyin jini. Na duba iskar kabon da ɓeran ke fitarwa, lafiya lau. Har na ɗauka furotin ne ya toshe fatar allurar, wato siririn rufin da oksijin ke ratsawa, wajen wanke ta kuwa tsinin gilashin ya karye. Kun san kuɗin sabuwa. Ranar ban iya cin abinci ba.

Ashe bambancin zafi ne. Allurar a ruwa mai digiri 37 ake saita ta, ana samun sifilin awo da sinadarin sodiyam salfait mai cinye oksijin, saman awo kuma da ruwan da ya sha iska, wajen 150 mmHg. Jikin ɓeran ma bargon ɗumi ya riƙe shi a 37. Amma da zarar an buɗe ƙoƙon kai, saman ƙwaƙwalwa yana hucewa, ga ruwan gishirin da ake ɗigawa da sanyin ɗaki. Ita kuwa wannan allura, digiri ɗaya kaɗai na karkatar da awonta da kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari, saboda oksijin ba ya ratsa fatarta da sauri ɗaya a sanyi da a ɗumi. Da na sa siririyar wayar awon zafi dab da ita, na ga tazarar da idona.

Yanzu ruwan gishirin da ɗuminsa yake sauka, kuma ina sake saiti bayan an gama, ba kafin a fara kaɗai ba. Da na kaɗa gashin bakin ɓeran don in motsa ƙwaƙwalwarsa, layin jini ya tashi cikin 'yan daƙiƙu, na oksijin ya bi bayansa. Wallahi sai da na miƙe tsaye.

Saura matsalar lesa: canji kawai take nunawa, ba ainihin yawan jinin ba, kuma numfashin dabbar na girgiza layin. Wanda ya shawo kan wannan girgiza, don Allah ya faɗa mini yadda ya ɗaure kan na'urar.