Rifitar da Muka Ɗora a Kan Dutse

Har yau, idan na danna maɓallin oba-oba na saki, na ji ɗan "tit" ɗin nan ya dawo daga kan dutse, sai hankalina ya kwanta. Amsar rifitarmu ke nan, wato na'urar da ke ƙara wa muryarmu nisa a rediyo: ta ji ni, kuma tana nan da ranta.

Ga wanda bai san rediyon 'yan sha'awa ba, wato na masu zantawa da juna ta rediyo don sha'awa kawai, a zangon mita 2, wato wajen megahaz 145, sigina kusan tafiyar gani yake yi. Inda ido bai kai ba, da wuya murya ta kai. Oba-oba mai wat 5 a cikin gine-gine, 'yan kilomitoci zai yi ya gaji. Shi ya sa ake ɗora rifita a wuri mai tsayi, ta karɓi muryarka ta wata ƙofa, ta sake watsa ta nan take ta wata. Tamu tana saurare a megahaz 145.000, tana magana a 145.600. Tazarar kilohaz 600 ke nan, yadda aka saba a wannan zango.

Wannan 'yar tazara ita ta hana mu barci wata da watanni. Mun haɗa tsofaffin rediyon mota guda biyu ƙirar Motorola, ɗaya na ji, ɗaya na magana, kowanne da eriyarsa. A kan tebur komai lafiya lau. Da muka kai su sama, na kusa suna shiga garau, amma da mai raunin sigina ya kira daga nesa, sai rifita ta buɗe, ta rufe, ta buɗe, ta rufe, kamar mai shaƙuwa. Ni a lokacin gani nake ƙarfi ne bai isa ba, na dage a ƙara wat. Dattijon da ya koya mini riƙe dalma, wanda muke kira Baba, ya dube ni ya ce, "Ɗana, bakinta lafiyarsa ƙalau. Kunnenta ne ba ya ji." Ya rage ƙarfin daga wat 25 zuwa 10, sai ga mutumin da muka kasa ji tun safe ya fito sarai.

A ranar na gane abin da ke faruwa. Na'urar tana ihu a gefen kunnenta, kuma a daidai lokacin ake so ta ji raɗa daga nisan duniya. Ihun nata ke toshe mata ji. Maganinsa shi ne duflesa, wasu gwangwanaye na ƙarfe da ke tace sigina, su raba mai fita da mai shigowa har eriya ɗaya ta ishe su duka. Namu guda 6 ne, uku a kowane ɓangare, kowanne ya haura rabin mita tsawo, saboda ana yin su daidai da rubu'in zangon, wanda ya kai kusan santimita 52. Ana neman su raba ɓangarorin da kusan desibel 90, wato ihun ya ragu sau biliyan ɗaya kafin ya isa kunne. A saman kowane gwangwani akwai sandar saiti. Ka murɗa ta ɗan kaɗan fiye da kima, aikin yini ya tafi. Kwana uku Baba yana zaune gabansu da na'urar awo, ni ina riƙe masa tocila, ba ya cewa komai sai "tsaya" da "ƙara kaɗan". Ban taɓa ganin haƙuri irin wannan ba, kuma har gobe ina ganin wanda bai taɓa saita duflesa ba bai san rifita ba tukuna.

Sauran abubuwan sun zo da sauƙi. Muka sa mata sautin hez 88.5 don kada kowace hayaniya ta buɗe ta, da agogon da ke katse mai dogon zance bayan minti 3, da lambar kiranta, wato sunanta a rediyo, da take bugawa da alamun Mos, gajeru da dogayen sautuka masu wakiltar haruffa. Tsawa ta taɓa cinye mana mai karɓar sigina, daga nan muka koyi binne wayar ƙasa yadda ya kamata.

Abin da na fi kewa shi ne zaman dare. Kowa ya faɗi lambar kiransa, a jira "tit" kafin wani ya karɓa, a bar ɗan sarari ko akwai mai larura da ke son shigowa. Ta wannan sararin wani matafiyi ya taɓa kutsowa, motarsa ta mutu a inda waya ba ta kamawa, muryarsa rabi a cikin shuu. Mun ji shi, biyu daga cikinmu suka je suka taho da shi. Da ba don gwangwanayen nan ba, da babu wanda zai san ya kira.

Bayan fitowar manhajar EchoLink a 2002 aka fara jona rifitoci da intanet, mu ma daga baya muka jona tamu, har muryoyi daga Jamus da Japan suka riƙa faɗowa. Na ji daɗin hakan. Sai dai na gida sun ragu. Yanzu takan wuni shiru, ba abin da ke fita sai lambar kiranta.

Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. A wajenmu cewa ake maɓallinsa ya yi shiru. Watan jiya na hau dutsen don canza batir, na tarar da rubutunsa na fensir a jikin gwangwani na huɗu, mitar da ya saita da kwanan wata. Na goge ƙura, na ɗaure kebur ɗin da ya saki, ban taɓa sanda ko ɗaya ba. Da na sauko na danna maɓalli, na faɗi lambata, na ce ina saurare.