Daga Nima zuwa Ada, inda ake su da kifi mai rai

Bayan sallar asuba muka bar Nima, wata unguwa a Akara babban birnin Gana, ni da ɗan mai masaukina. Muka shiga tirotiro, wato ƙaramar bas ta haya, ta hanyar Tema mai zarcewa Aflao, muka sauka a mahaɗar Kasse, wata motar ta gangara da mu Ada Foa. Daga Akara tafiyar kilomita 100 ce da 'yan kai. A nan kogin Bolta ke zubawa cikin tekun Atlantika, ruwan daɗi da na gishiri su gauraya, ƙananan kifaye su taru, manya kuma su biyo su.

Ni a Yawuri na tashi, na san fatsa da mamari tun ina yaro, amma abin da na gani a kwalekwalen wani dattijon masunci daban ne. Da yarensu na Dangme yake magana, yaron nan yana yi mini tafinta. Bai taɓa ƙugiya ba sai da ya jefa birgi a gefen yashi ya kamo 'yan kifayen da ba su wuce tsawon yatsa ba, ya zuba a bokiti. Jim kaɗan sai ya zubar da rabin ruwan ya ɗebo sabo. Yaron ya fassara mini dalilinsa:

"Kawu, wai in ruwan ya ɗumama kifin zai galabaita, babban kuma ba ya kula wanda ba ya motsi."

Ɗaurin ne ya fi burge ni. A jikin zaren ya yi ɗan ƙulli da wani zare daban, wanda ake iya turawa sama ko ƙasa. Sai ɗan dutsen ado mai huda, sai ɗan kumfan roba mai yawo a kan ruwa, irin aikin da gora ke yi wa masuntanmu. Zaren yana ratsa kumfan har ƙullin ya tokare, don haka inda ka ajiye ƙulli nan ne zurfin da kifinka zai tsaya. A ƙasa dalma ƙarama, sannan waya siririya kamu ɗaya, saboda haƙoran barakuda, wani dogon kifin teku mai farautar ƙanana, suna datse zare nan take.

Ya jiƙa hannu kafin ya ɗauki kifin. Ya soka ƙugiyar a bayansa, gaban ƙayar tsakiya, sama-sama, bai kusanci ƙashin baya ba. Inda ruwa ke gudu da ƙarfi kuwa ta leɓen sama yake sokawa, don kifin ya fuskanci ruwan yana numfashi. Wannan kula ita ce sana'ar, a ganina, kuma mai gaggawa ba zai iya ta ba.

Muka jira har teku ta fara turo ruwa cikin kogin. Kumfan yana ta 'yar rawa, alamar na ƙasa yana da rai. Can sai rawar ta tsananta, ya zille gefe, ya nutse. Na yunƙura, dattijon ya dafe mini hannu, ya bari zaren ya miƙe tukuna, sannan ya fizga. Barakuda ce, ta kai tsawon hannuna, sai da ya buge ta da sanda kafin ya kai yatsa kusa da bakinta.

A bakin ruwa wata mata ta gasa mana ita, muka ci da banku, wani irin tuwonsu, da yaji, muka yi la'asar, muka nemi motar Kasse.