Hotunan albasar Kawu duk sun koma ranar Talata

Abin ga ya faru da ni watan jiya nan Tawa, har yanzu in na tuna sai in ji kunya. Kawuna yana kasuwar albasa ta Galmi, duk motar da aka loda sai ya ɗauki hoton buhuna da takardar direba da portabul ɗinsa, hoto wajen 600 ya tara, kuma ɗansa da ke karatu a Yamai shi ke ajiye su cikin kwamfutarsa. Rigima ta tashi da wani dillali kan wace rana aka loda wata mota zuwa Abijan, Kawu ya ce kai yaro tunda ka iya kwamfuta jawo mani hotunan nan in nuna mai.

Na shiga kwamfutar ta intanet na jawo su da scp, umarnin kwafo fayil daga wata kwamfuta, cikin gaggawa na manta ban ƙara masa -p ba. To wannan ƙaramin harafi shi ke sa fayil ya zo da ranarsa ta asali, in babu shi kwamfuta sai ta buga masa ranar da ya sauka. Muna buɗewa duk hotuna Talata ƙarfe 9 na dare, ɗari shida duka. Kawu ya dube ni ya ce "wato rana guda na loda mota saba'in ke nan?" Na ce Kawu ka yi haƙuri a ba ni zuwa safe.

Abin da ya cece ni, kyamarar waya tana rubuta ranar ɗauka cikin hoton kansa, shi ake kira EXIF, kwafi ba ya taɓa shi, da exiftool, manhajar da ke karanta EXIF ɗin, na maido wa yawancinsu ranarsu. Waɗanda suka biyo ta WhatsApp su ne ciwon kai, don in ka tura a matsayin hoto yana share EXIF ɗin, sai dai ranar da ke cikin sunan fayil irin IMG-20240312-WA0005, ita ma ranar da ya shigo wayar ce ba ranar ɗauka ba.

Daga baya ma na ga wahalar banza na sha, da na sake jawowa da rsync -a, wani umarnin kwafi mai riƙe ranar fayil, da komi ya zo daidai. In daga wayar Android ne kai tsaye akwai umarnin adb pull -a, shi ma yana riƙe ranar. Dillalin dai da ya ga hoton motar da ranarta sai ya ce ai shi wata mota yake nufi.