Yadda na koyi fentin mota a gareji

Ni dai abin da ya ja ni zuwa fentin mota bindigar nan ce ta fesa fenti, in ga mutum ya riƙe ta yana kai da komo fenti na sauka sumul, sai na ɗauka ai shi ke nan sana'ar. Da yayana ya kai ni wajen wani abokinsa mai gareji a nan Kano sai na tarar bindiga ita ce abu na ƙarshe da za a ba ka. Watanni na kwashe ba na taɓa komai sai sanfefa da bokitin ruwa da tsumma, har fatar yatsuna ta yi laushi ta fara saɓulewa, ina ta ƙunƙuni a raina cewa oga bauta kawai yake sa ni.

Ashe aikin ke nan. Mota za ta fito daga hannun fanalbita ya bubbuga ya miƙar da inda ya lotsa, sai mu shafa fila, wato kwaɓin da ake cike ramuka da shi, shi kuma fila da ka gauraya shi da hadina, sinadarin da ke sa shi ƙanƙarewa, to ka yi sauri don cikin 'yan mintuna zai daskare maka a kan faranti ka yi asara. In ya bushe a fara ci da sanfefa mai lamba 80, a koma 180, a zo 320, duk yadda lamba ta ƙaru haka sanfefar ke ƙara laushi, kuma in ka tsallake ɗaya zanen ta baya zai fito ɓaro-ɓaro bayan an gama fenti. Fila a bushe ake goge shi don yana shan ruwa, sai an fesa furaima, wato shafin farko da fenti ke hawa kansa, tukuna ake sa ruwa da 600 ko 800. Kuma a naɗe sanfefar a jikin katako, in ka goge da yatsu kawai sawun yatsunka za ka bari. Oga ba ya duba aiki da ido, tafin hannu yake shafawa yana kallon wani wajen daban, can sai ka ji ya ce "kai yaro, zo nan, akwai rami", ni kuwa wallahi ba na ganin komai. Daga baya ya nuna min dabarar, a ɗan yayyafa baƙin fenti sama-sama a kan furaima sannan a goge da katako, duk inda baƙi ya maƙale to nan ne ramin.

Da aka ba ni bindiga ma ba mota aka ba ni ba, wani tsohon bonet ne da aka jingine a bango. Tazarar bindiga da ƙarfe kamar taƙi ɗaya, santimita 15 zuwa 20, kuma da duk hannu ake tafiya ba a karkaɗa wuyan hannu, kowane layi ya hau rabin wanda ya gabace shi, ka danna kunamar kafin ka shiga ƙarfen ka saki bayan ka fita. Ka matso da yawa ko ka yi nawa fenti ya taru ya yi hawaye, ka yi nisa ko ka yi gudu ya bushe a iska ya sauka da kaushi kamar ɓawon lemu. Kiliya da muke amfani da ita, wato shafin ƙarshe mai sa sheƙi, kashi biyu ce da hadina kashi ɗaya sai ɗan tina mai tsinka fenti, amma a riƙa karanta jikin gwangwani don kowane kamfani da nasa awon. Tsakanin shafi da shafi a jira minti 10 zuwa 15. Nan ne haƙurin sabon shiga ke ƙarewa.

Babban abokin gabarmu kuwa ƙura ce. Ba mu da ɗakin gashi irin na manyan garejoji, rumfar kwano ce da tamfol, don haka lokacin hunturu sai mu yayyafa ruwa a ƙasa mu yi feshi da sassafe bayan asuba kafin iska ta taso, kuma duk da haka wata rana kana gamawa ƙwaro zai zo ya kwanta a tsakiyar bonet, sai dai a jira ya bushe a bi da sanfefa 1500 da 2000 a yi folish. Da damina kuma ruwa ne ke taruwa a tankin kwamfresa, in ba a buɗe ƙasansa an tsiyaye kullum ba zai biyo tiyo ya ɓata aiki. Maiƙo ma haka, ko man nan da ake fesa wa taya da dashbod don sheƙi, in ya taɓa ƙarfe sai ka ga fenti yana gudu yana barin ƙananan ramuka.

Kala kuma wani karatun ne. Kowace mota na da lambar kalarta, a Toyota galibi tana kan takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, 040 fari, 202 baƙi, 1F7 silba. Amma motar da ta sha ranar arewa shekaru ta riga ta koɗe, lamba kaɗai ba ta isa, sai a cire murfin tankin mai a kai wa mai haɗa fenti, a gwada a guntun kwano a duba a rana. Silba ta fi kowacce rigima, ƙofa ɗaya za ka fesa amma sai ka ɗan watsa zuwa ta kusa da ita, in ba haka ba daga nesa za a gane.

Maganar madara kuwa, da ake cewa ka sha gwangwani bayan feshi ta wanke maka ƙirji, ni ban yarda da ita ba. Madara ciki take tafiya, feshi huhu yake shiga. Hadina na da sinadarin da ke jawo asma, kuma ƙyallen da muke ɗaurawa a hanci ba ya tare shi, kuɗina na farko da na tara takunkumi mai gawayi na saya, ana ta yi min dariya wai na zama likita. Tina kuma wuta ce, a nisanta janareta da mai sigari.

Yanzu nakan karɓi ƙananan ayyuka, bamba, ƙofa, adaidaita sahu. Waɗanda ke ba ni ciwon kai dillalan mota ne, ya kawo da safe yana so gobe ta shiga kasuwa, a lafta fila a rufe tsatsa a fesa. Irin wannan kafin shekara ta zagayo ya tsage. In za ka sayi mota ka tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu, ka bi jikin ƙofofi da shi, inda ya ƙi kamawa galibi fila ne aka cika.